BERNARD FAGG, BATUREN DA YA BI SAWUN MUTANEN NOK

Wanda duk ya fita daga Kaduna ya haye gada ya yi kudu, ya wuce Kakuri da Gonin Gora har ya kai Kakau, to, ya zo bakin wata ƙasa mai tsohon labari. Daga nan in ya miƙa ta wajen Kagarko, ko kuwa ya koma ya bi hanyar Kachia zuwa Kwoi, duwatsu da kwaruruwan da zai riƙa gani mazaunin waɗansu mutane ne da suka shuɗe tun fiye da shekara dubu biyu. Ba su bar rubutu ba, ba su kuma bar zuriyar da ke kiran sunansu ba. Masana na ce da su mutanen Nok. Yau za mu ba masu karatu labarin mutumin da ya fara tara shaidarsu, ya kai ta gaban manyan malaman duniya, watau Mista Bernard Fagg. Mun zaɓe shi ne musamman domin malaman makaranta da akawuna, gama a cikin labarin nan akwai rabonsu.

ASALINSA DA ZUWANSA

An haifi Bernard Fagg a Landan ran 8 ga Disamba 1915. Ya yi karatu a jami'ar Kembirij, inda ya fara da harsunan Yunanawa da Rumawa na dā, sa'an nan ya koma ga ilmin al'adun mutane da ilmin tonon kufai, watau sanin labarin mutanen dā ta wurin abin da suka bari cikin ƙasa. Yana da wa mai suna William Fagg, wanda shi kuma ya yi suna wajen sanin sassaƙa da ƙirar Afirka a babban gidan kayan tarihi na Landan.

A shekara ta 1939 ya shiga aikin mulki, aka turo shi Nijeriya, aka aje shi Jos a kan ƙaramin Di'o. Bai daɗe ba Yaƙin Hitila ya tashi, aka ɗauke shi soja, aka kai shi Afirka ta Gabas. A Kenya ya sadu da Louis Leakey da matarsa Mary, waɗanda suka shahara wajen neman ƙasusuwa da makaman dutse na mutanen farko, ya ga yadda su ke aiki da idonsa. A can kuma ya auri matarsa Catherine, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen ransa. Da ya komo Jos sai ya riƙa yin aikin ofis da rana, in ya sami hutu ya shiga ramukan kuza yana duba abin da lebura ke fitarwa. A 1944 ya yi tono a wani kogon dutse a Rop, kan tudun Jos, ya sami ƙananan makaman dutse da sakaina.

KAN DA AKA KAFA A GONAR DOYA

Sai mu ɗan koma baya. Haƙar kuza aiki ne na kwashe ƙasa da tsakuwa daga tsofaffin kwaruruwa a wanke da ruwa, don haka abin da ƙasa ta binne tun zamanin zamanai ya kan fito a kwanon lebura. A 1928 aka tono wani ƙaramin kai na yumɓu gasasshe, mai kama da kan biri, a wani ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Mai ramin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos, aka aje a ɗakin ajiyar Ma'aikatar Ma'adinai. Nan ya zauna shekara goma sha biyar, ba wanda ya san abin da zai ce a kansa.

A 1943 kuma aka tono wani kai, na mutum, kusa da Jama'a. Wani akawun ramin kuza ya ɗauka ya tafi da shi gida, ya kafa a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna. Kan nan ya sha rana da ruwa wajen shekara guda kafin manajan ramin ya gan shi ya kawo Jos. Da Fagg ya duba sai ya tuna da kan birin nan na Nok, ya aje su gab da juna, ya ga lalle hannun gida ɗaya ne ya yi su. Akawun nan bai san darajar abin da ya riƙe ba, amma da ya bar shi cikin tarkacen rami, da ruwan wanki ya farfasa shi, da kuwa labarin da mu ke bayarwa ya yi jinkiri.

Daga nan Fagg ya shiga yawon ramuka yana roƙon manajoji da helumomi da lebura, duk wanda ya ga wani abu na yumɓu ya aje, ya kuma lura da wurin da zurfin da aka same shi. Kayan suka yi ta zuwa. Ya ga alamunsu iri ɗaya ne: ido mai kusurwa uku ko mai kamar tsinin wata, da huda a ƙwayar ido da hanci da baki, da kitso iri iri na ƙawa, da duwatsun wuya da na hannu jibge. Cikinsu holoƙo ne, an gina su da yumɓu mai tsakuwa kamar yadda mata ke ginin tukunya. A 1945 ya buga bayaninsa na farko, ya kuma raɗa wa masu aikin sunan ƙauyen Nok. Kada mai karatu ya ɗauka sunan da su ke kiran kansu ke nan. Al'adar masana ce su sa wa mutanen da suka ɓace sunan wurin da aka fara samun kayansu. Sannu a hankali aka ga irin kayan nan sun bazu tun daga Kagara a yamma har Katsina-Ala a kudu maso gabas.

GARDAMAR MASANA

Domin a gane nauyin abin da ya samu, sai a san irin ra'ayin da ke yawo tsakanin malaman Turai a zamanin nan. Da yawansu sun ɗauka cewa duk wani aikin gwaninta da aka gani a ƙasar baƙar fata, baƙi ne suka kawo shi. Sa'ad da Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910, sai ya danganta su ga waɗansu mutanen bakin Bahar Rum da ya ce sun ɓace. Ganuwar dutse ta Zimbabuwe kuwa an daɗe ana ba Finikiyawa da Sarauniyar Saba, har sai da wata malama, Gertrude Caton-Thompson, ta yi tono a wurin a 1929 ta nuna ginin 'yan ƙasa ne. Mu ma nan Arewa mun san irin wannan, gama akwai littattafan Turawan mulki da ke neman asalin kowace sarauta tamu a Masar ko wata ƙasa ta gabas.

Akwai kuma wata ƙa'ida da wani malamin Danmak, Christian Thomsen, ya tsara aka buga a 1836. Ya ce 'yan Adam sun hau tsani mai matakai uku: zamanin makaman dutse, sa'an nan na tagulla, kāna na baƙin ƙarfe. A Turai ƙa'idar ta zauna daidai. Tambayar ita ce ko dole kowace al'umma ta bi matakan nan bi da bi.

Irin waɗannan matsaloli ne suka sa Leakey ya kira babban taron masana tarihin dā na Afirka duka a Nairobi cikin Janairu 1947. Shi ne na farko, aka kuma shirya a riƙa yinsa bayan 'yan shekaru, ana zagayawa ƙasa ƙasa. A taron Nairobi aka yarda da wani ma'auni na ƙidayar zamani. An ce Afirka ta ga zamunan ruwa mai yawa da zamunan fari suna bin juna, kowanne ya bar alamarsa a jikin ƙasa, saboda haka in an san a wane shimfiɗin ƙasa aka sami abu, an san shekarunsa. Da irin wannan lissafi Fagg ya fara kimanta cewa kayan Nok sun kai wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ya kai aikinsa gaban taron nan. A zaman Livingstone na 1955 ya ba da bayanin zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, da kuma duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda ya bincika a wurare da yawa na Arewa. A zaman 1959, a birnin da a ke kira Kinshasa yanzu, an gabatar da bayaninsa a kan matsayin kayan Nok cikin tarihin aikin hannu na Afirka ta Yamma. Nan kuwa magana ta yi nauyi. In mutanen kudancin Zazzau suna gina siffar mutum da irin wannan gwaninta shekaru aru aru kafin Ife, to, babu sauran bukatar a nemo wa Ife malami daga hayin teku. Fagg kansa ya ga kamar aikin Ife jikan aikin Nok ne. Masanan yau suna ɗari-ɗari da wannan, don tsakanin biyun akwai ratar fiye da shekara dubu da ba a cike ba tukuna.

Abin lura shi ne, ma'aunin ruwa da fari da aka yarda da shi a Nairobi bai daɗe ba. Bincike ya nuna cewa damina ba ta yi yawa a Afirka duka a lokaci guda ba, aka yar da shi. Abin da ya maye gurbinsa ya fito ne daga Amurka. Wani masani, Willard Libby, ya gano kafin 1950 cewa kowane abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ya ke samu daga iska, in ya mutu sinadarin ya riƙa raguwa a kan ƙa'ida, rabinsa na ƙarewa cikin wajen shekara 5,700. Saboda haka in an auna gawayi ko itace, a kan san lokacin da bishiyar ta mutu. Fagg ya aika da itacen da aka samu a ramukan Nok aka auna, ya tsayar da zamaninsu tsakanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa da shekara 200 bayanta. Ra'ayin taro ya faɗi, amma kayan da aka tara da hankali, aka rubuta inda aka same su, sun tsaya ana sake auna su.

GIDAN KAYAN TARIHI NA JOS

A 1947 Fagg ya bar aikin mulki ya koma Ma'aikatar Kayan Tarihi, ƙarƙashin Mista Kenneth Murray, wanda tsohon malamin koyar da zane ne. Su biyu ra'ayinsu ɗaya, cewa kayan ƙasa a ƙasar ya kamata su zauna, inda jikokin masu su za su gani. Fagg ya tsaya kan ginin gidan ajiya a Jos da ɗan kuɗin da aka ba shi, aka buɗe shi cikin Afrilu 1952. A shekara mai biye aka kafa dokar kayan tarihi, wadda ta hana fita da su daga Nijeriya sai da izni. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Ministan Ayyuka, shi ya gabatar da ita gaban Majalisar Wakilai a Ikko.

Mun san akwai masu ƙyamar irin waɗannan kaya, suna cewa gumaka ne. Ajiyarsu a gidan tarihi dabam ta ke da bauta musu. Shaida ce a ke ajiyewa, kamar yadda alƙali ke riƙe da takardar gado ko da bai san mamacin ba.

A 1957 Fagg ya gaji Murray, ya zama shugaban ma'aikatar ta Nijeriya duka. Bai manta da renon 'yan ƙasa ba. Cikin samarin da suka koyi aiki a hannunsa akwai Malam Liman Ciroma, mutumin Fika, wanda aka aika Ingila ya karanta ilmin tonon kufai, ya komo ya yi aiki a ma'aikatar, daga baya ya hau har ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya a 1977. Kafin Fagg ya tashi, an kuma kafa makaranta a Jos da taimakon UNESCO, inda a ke koya wa ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashen Afirka aikinsu da Ingilishi da Faransanci.

TARUGA

Duk da haka akwai abin da ya dame shi. Kayan ramin kuza ruwa ne ya kwaso su daga inda su ke ya zuba cikin kwari, ya gauraya na jiya da na shekaranjiya. Ana samun gatarin dutse da guntun ƙarfe da mutum-mutumi wuri ɗaya, amma ba mai iya rantsewa cewa zamaninsu ɗaya. Abin da ya ke nema shi ne kufai na sosai, inda kaya ke kwance yadda masu su suka bar su.

Ya same shi a Taruga, kudu da inda birnin Abuja ya ke yanzu. Ya fara tono a wurin wajen 1960, ya kuma yi ta komowa cikin shekarun da suka biyo. Nan ya tarar da guntayen mutum-mutumin Nok tare da sakaina da duwatsun niƙa, ga kuma tanderun narkar da tama guda 13, da kashin ƙarfe da bututun yumɓu na shigar da iska. Da aka auna gawayin wurin sai ya nuna wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. A lokacin nan ba a san wata maƙera da ta kai ta tsufa a Afirka ta Yamma ba.

Taruga ta taɓa ƙa'idodin nan biyu. Tsanin Thomsen bai yi aiki a nan ba, gama mutanen Nok daga dutse suka shiga ƙarfe, ba a ga zamanin tagulla a tsakani ba. Zancen da a ke yi kuma cewa sanin ƙarfe daga Merowe ta ƙasar Sudan ya iso mana ya raunana, don ba a ga Merowe ta riga Taruga da nisan da zai isa a ce ita ce uwa ba. Waɗansu masana suka juya ga Kartaji ta Afirka ta Arewa, suka ce ta hamada sanin ya ƙetaro. Waɗansu suka ce maƙeran Afirka da kansu suka gano. Har yau ana wannan gardama a tarurruka, amma tun daga Taruga wanda duk zai yi magana sai ya zo da gawayi da lissafi.

ƘARSHEN RANSA

A ƙarshen 1963 Fagg ya bar Nijeriya, ya zama shugaban gidan kayan tarihi na Pitt Rivers a jami'ar Oksfod. Ya ɗauko babban shiri na gina wa gidan sabon mazauni mai siffar da'ira, amma kuɗi ba su samu ba, shirin ya mutu. A 1968 ciwon shanyewar jiki ya same shi. Ya daure da aiki har 1975, sa'an nan ya huta. A 1977 aka buga littafinsa a kan mutum-mutumin Nok. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa, ta yi tono a Samun Dukiya, kusa da Nok. Ya mutu ran 14 ga Agusta 1987, yana da shekara 71.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Bai ga masifar da ta auka wa kufan Nok ba. Cikin shekarun 1990 kuɗin kayan nan ya hau a kasuwannin Turai da Amurka, dillalai suka shiga ƙauyuka suna ba matalauta 'yan kuɗi su haƙa. Aka rarake kufai masu ɗimbin yawa, aka fasa abin da ba ya sayuwa, aka fita da sauran a ɓoye. Har gidan tarihi na Luba a Faris aka ga kayan Nok a shekara ta 2000, sai da aka yi ta ƙara kafin Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, aro ta ke riƙe da su. Kan da aka tono ta haka, ko an komo da shi, rabin amfaninsa ya tafi, gama ba mai iya faɗin inda ya kwanta, da abin da ke kusa da shi, da gawayin da za a auna.

Daga 2005 masanan jami'ar Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya da malaman jami'o'in Jos da Zariya, suka yi shekaru suna tono a wajen Janjala ta ƙasar Kagarko. Sun gyara lissafin Fagg. Sun nuna cewa mutanen Nok sun zauna tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun fara gina mutum-mutumi wajen shekara 900, ƙarfe ya biyo baya, alamunsu kuma suka ɗauke wajen lokacin haihuwar tasa. Manoma ne masu zama a ƙananan unguwanni, suna shuka gero da wake, suna cin atili, an kuma sami alamar zuma a jikin tukwanensu. An lura cewa yawancin mutum-mutumin a farfashe aka binne su, da gangan, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da a ke zaton kaburbura ne. An nuna kayan da suka tono a Farankfot a 2013, kāna aka komo da su gidan kayan tarihi na Kaduna. Gyaran nan ba ragi ba ne ga Fagg, gama hanyar da ya bi ita suka bi, da kayan aiki da suka fi nasa.

To, ga abin da mu ke roƙon masu karatu, musamman na Kakau da sauran garuruwan kudancin kogi, inda kullum a ke haƙar tushen gini da rijiya da yashi da hanya. In an tono mutum-mutumi, ko tsohuwar tukunya, ko kashin ƙarfe a inda ba a san maƙera sun taɓa zama ba, kada a wanke, kada a ƙara haƙa, kada kuma a saurari dillali. A rubuta wurin da zurfin da ranar, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, a aika wa gidan kayan tarihi na Kaduna. Rubuta irin wannan aikin akawu ne, ya kuwa fi kowa iyawa. Malamin makaranta kuma ya kai yaransa su ga kayan da idonsu, ya gaya musu cewa tun kafin a gina ganuwar Kano da ta Zariya da fiye da shekara dubu, akwai maƙera da magina a ƙasar nan, su kuma yaran su ne masu tsaron abin da ya rage.